Ragon Injiniya Sunil

Ranakun aikina da yawa sun cakuɗe a kaina, wasu garuruwan ma ko sunansu ba na iya tunawa, amma ranar da aka damƙa wa Injiniya Sunil igiyar rago a garin kawuna tana nan kamar jiya aka yi ta. Tunda kun matsa in ba ku labari ɗaya kafin in ajiye makullin buro, wato ofishinmu, in koma gida, ga shi. Ku sababbin tafintoci ku buɗe kunne, don laifin da ke cikin labarin nan nawa ne tun daga farko.

A lokacin ina tafinta a wani furoje, wato shirin samar da ruwan sha, nan Damagaram. Kun san ƙasarmu, dutse ne shimfiɗe a ƙarƙashi, sai a huda wuri uku a samu ruwa a ɗaya. Ga wanda bai san aikin ba, foraj ita ce rijiyar burtsatse, kuma ba a miƙa ta ga gari sai an bi mataki mataki. A auna ƙasa, a huda, a yini ana jan ruwa a ga ko zai ƙafe, a ɗebi kwalba a kai a gwada, a kafa kwamitin da zai kula da fanfo, sannan a sa ranar miƙawa. Mako guda kafin ranar, tafinta ne ke zuwa ya shirya komai da maigari: inda za a zauna, wanda zai yi magana, da abin da za a ci.

Injiniya Sunil mutumin Siri Lanka ne, wani tsibiri da ke kudu da Indiya. Gajere ne, fatarsa kusan irin tamu, Faransancinsa kuwa sai ka yi haƙuri da shi. Shekara biyu muka yi tare ban ji ya ɗaga murya ba. Kullum da safe yakan tanƙwashe ƙafa ya rufe ido na rabin sa'a, ni kuma na ɗauka barci ne bai ishe shi ba. Ya taɓa samun kunama a takalminsa, ya kife mata kofi ya kai ta bayan shinge ya sake ta, muka yi ta dariya. Ban taɓa tambayarsa addininsa ba. Abin da na riƙe kawai shi ne na sha ganinsa yana cin tsire a unguwar Zango, kuma kilishi ba ya yankewa a motarsa.

Garin da nake magana yana cikin yankin Dogo. Can aka haifi mahaifiyata, maigarin kuwa yayanta ne. Sau biyu aka huda musu ba a samu komai ba sai ƙurar dutse, buro ya ce a tattara kaya a wuce gaba. Sunil ne ya tsaya, ya ce a ba shi dama ɗaya a gabas da gari, kusa da wata tsohuwar tsamiya. Aka huda, ruwa ya yi tsiri. Matan da ke tafiyar rabin yini da jarka a kan jaki suka yi guɗa har muryarsu ta dushe.

Da na je shirin miƙawa, Kawu ya jawo ni gefe ya ce, "Lawali, kai ka san mutumin nan. Me ya fi so?"

Na buga ƙirji na ce, "Nama, Kawu. Ka ba shi nama ka gama da shi."

Kawu bai yi wata-wata ba, ya ware ragon da yake kiwo domin layyarsa, wani uda mai gaba baƙi baya fari, wuyansa kamar turmi. Ya kuma aika wa masu gari huɗu na kewaye su zo su ga yadda yake karrama baƙo. Na koma Damagaram ina jin daɗin kaina, ko kalma ban faɗa wa Sunil ba, wai ina so abin ya zo masa ba zato.

Ranar miƙawa muka isa da hantsi. Aka yi jawabai, aka buga fanfo, Kawu ya sha ƙwarya guda, aka yi addu'a. Sai ga Sarkin Fawa ya ratso taro yana jan ragon, wuƙa soke a ɗamara. Al'adar garin ita ce a sa wa baƙo igiya a hannu, ya yi godiya ya mayar, a yanka nan take, a gasa hanta shi ya fara ɗanɗanawa kafin kowa ya kai loma baki. Kawu da kansa ya ɗora igiyar a tafin Sunil. Sunil ya yi murmushi, ya shafa goshin ragon, ya tambaye ni abin da zai biyo baya. Na gaya masa. Murmushin ya ɓace.

Ya ce, "Domina za a yanka shi?"

Na ce, "Domin girmanka."

Ya ce, "Lawali, ba zan iya ba. Na ɗauki alkawari ba za a kashe rai saboda ni ba."

Na ce masa ai na sha ganin tsinken tsire a hannunsa, ya ce wannan daban, zai yi mini bayani. Sarkin Fawa ya miƙo hannu zai karɓi igiya, Sunil ya ƙara nannaɗe ta a yatsunsa. Nan na yi abin da har yau nake jin kunyarsa, na ce masa, "Ka kwantar da hankalinka, dama za a yanka shi, akwai suna a gidan maigari." Ya dubi igiyar da ke hannunsa, ya dube ni, ya ce a hankali, "Sunan wa?" Na buɗe baki, ko jariri ɗaya ban iya ƙirƙirowa ba.

Kawu ya ce, "Lawali, me baƙo yake cewa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, yaba ragon yake."

Ya ce, "Yabon nan ya yi tsawo. Kuma wannan ba fuskar mai yabo ba ce."

Ku da kuka tashi a birni, sai kun gane abin da ke kan gaba. A mayar wa maigari kyautarsa a gaban jama'arsa da takwarorinsa huɗu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kafin kasuwar Dogo ta sake ci labari ya zagaye, a ce baƙo ya raina abin hannunsa. Dattijo ne da bai tara komai ba sai mutuncinsa, ga shi ni ɗan ƙanwarsa na jawo masa. Na durƙusa na faɗi gaskiya, cewa baƙo ba ya so a yanka ragon. Kawu ya ɗan sunkuyar da kai, sannan ya ce, "Ragon ne ya yi masa kaɗan?" Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Limamin garin ne ya cece ni, Liman Tasi'u, wani siririn dattijo mai son tambaya. Ya ce, "Maigari, mutumin da ya tsaya mana har ruwa ya fito ba zai raina mu ba. A bar shi ya faɗi dalilinsa. Kai kuma Lawali, ka faɗa mana yadda ya faɗa, kada ka sa gishiri." Aka koma inuwar tsamiya. Sunil ya zauna, igiya na hannunsa, ragon na tauna gefen tabarma.

Ya ce shi mabiyin Buda ne. Sama da shekara dubu biyu da ɗari biyar da suka wuce, a gindin manyan duwatsun arewacin Indiya, inda ake kira Nepal yanzu, an haifi wani ɗan sarki mai suna Siddata Gotama. Ubansa ya killace shi a gida cikin daula, ya hana ya ga duk wani abin baƙin ciki. Sai da ya zama magidanci ya fita gari, ya ga tsoho a duƙe da sanda, ya tambayi mai tuƙa keken dokinsa wace irin halitta ce wannan.

Kawu, da ya ɗaure fuska tun ɗazu, bai san lokacin da ya ce, "Bai taɓa ganin tsoho ba? Ai da nan aka kawo shi, da ya ga iri-iri!" Aka fashe da dariya, ni kuma na samu na ja numfashi.

Bayan tsohon, in ji Sunil, ya ga mara lafiya, ya ga gawa, sannan ya ga wani mai gudun duniya da ƙwaryar bara, fuskarsa a sake. Abin ya tsaya masa a rai. In kowa zai tsufa, ya yi ciwo, ya mutu, ina mafita? Ya bar fada, ya bar matarsa da jaririnsu, ya shiga daji. Daga wajen mata sai muka ji Inna Hajara, uwargidan Kawu, ta ce, "Ya bar ta da ɗanyen goyo? Allah ya sauwaƙe." Na fassara masa. Ya yi dariya ya ce tasa matar ma haka take cewa duk lokacin da aka zo wurin nan a labarin, amma daga baya Siddata ya dawo, kuma matar da ɗan duka sun bi shi.

Shekara shida ya yi yana azabtar da kansa da yunwa har haƙarƙarinsa suka fito, bai samu abin da yake nema ba. Sai ya gane daula ba ta kai shi ba, azaba ma ba ta kai shi ba, hanya tana tsakiya. Ya ci abinci, ya zauna a gindin wata bishiya, ya ce ba zai tashi ba sai ya gane. Da ya gane aka kira shi Buda, wato wanda ya farka. Ya yi sauran rayuwarsa yana yawo a ƙafa yana koyarwa, ya rasu yana da shekara tamanin.

Liman ya ce, "To me ya gane?"

Sunil ya ce abu huɗu ne, kuma kamar aikin likita suke: a gane ciwo, a gane sanadinsa, a tabbatar yana warkewa, a ba da magani. Ciwon shi ne rayuwa ba ta rabuwa da wahala, kuma babu abin da ke dawwama. Sanadin shi ne kwaɗayi da maƙale wa abin da dole zai wuce. Waraka tana yiwuwa idan wutar kwaɗayin ta mutu, wannan suke kira nibbana. Maganin kuwa hanya ce mai rassa takwas, da ta haɗa gyaran fahimta da niyya, gyaran magana da aiki da sana'a, da horar da zuciya. Zaman da nake ganin yana yi da safe ke nan, wanda na ɗauka gyangyaɗi ne. Shi kuma talaka irinsa, wanda ba malamin zaure ba, alkawari biyar yake ɗauka: ba kisan rai, ba sata, ba zina, ba ƙarya, ba abin maye.

Da na zo kan ƙarya sai na fassara ta da sauri na wuce. Sunil bai dube ni ba, kuma na gode masa.

Liman yana lanƙwasa yatsu yana gyaɗa kai. Ya ce, "Huɗun ƙarshe ai ko Juma'ar da ta wuce su na yi wa mutanen nan wa'azi, ba su ji ba. To wa kuke bauta wa?" Sunil ya ce Buda mutum ne, bai ce shi Allah ne ba, bai ce an aiko shi ba, kuma koyarwarsa ba ta tsaya a kan Mahalicci ba. Sun yarda aikin mutum yana binsa, kuma ana sake haihuwarsa a wata rayuwa har sai ya kuɓuta. Liman ya ce, "Nan kam mun raba hanya, ka gaya masa. Mu sau ɗaya muke zuwa, kuma akwai Wanda za mu koma gare Shi." Na gaya masa, ya haɗa tafukansa ya ɗan rusuna. Babu wanda ya ɓata rai.

Sai Liman ya gyara zama, idonsa na ƙyalli. "Amma an ce yana cin tsire. Wato mahauci ya kwashi laifin, shi ya kwashi daɗin?" Sarkin Fawa ya ce, "Yawwa, Allah gafarta Malam, tambaye shi!"

Sunil ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce Liman ya taɓo inda su ma suke gardama a gida, don addinin nasu ya rabu manyan rassa uku. Nasu na Siri Lanka da Tailan da Bama ana ce masa Terawada, tafarkin dattawa, masu riƙe da tsofaffin littattafai. A wurinsu an yi wa malamai sauƙi su ci naman da aka ba su, muddin ba su gani ba, ba su ji ba, ba su kuma yi zargin dominsu aka yanka ba, shi ma wannan ƙa'idar ya ɗora wa kansa. Na Sin da Koriya da Japan da Biyetnam ana ce masa Mahayana, su burinsu kada mutum ya tsira shi kaɗai, ya tsaya ya taimaki sauran halitta, kuma da yawa daga malamansu ba sa kusantar nama sam. Ya ce da suna nan da sun goyi bayan Liman. Na uku, Wajirayana, yana can Tibet da Mongoliya, ƙasar sanyi da makiyaya inda shuka ba ta yi sosai, su kam galibi suna cin nama. Wani daga masu garin ya ce, "Kamar mutanenmu na arewa ke nan, ka hana su nama da nono su ci yashi?"

An sha dariya, amma ragon na nan, Sarkin Fawa na nan, kuma Kawu bai samu amsarsa ba. Sunil ya miƙe ya tsaya gabansa. Ya ce in tambaye shi ko da gaske ragon nasa ne.

Kawu ya ce, "Nasa ne, har fata da ƙaho."

Sunil ya riƙe igiyar da hannu biyu ya ɗaga ta har goshinsa. Ya ce tunda yake ba a taɓa yi masa kyauta irin wannan ba, ya karɓa. Sai dai jirgi ba zai ɗauki rago ba, kuma duk ƙasar nan bai ga wanda zai iya bar wa dukiyarsa ba sai maigari. Yana roƙo ya riƙe masa shi, kada wuƙa ta taɓa shi. Na fassara kalma bayan kalma, ban ƙara ba ban rage ba.

Liman ya ce, "Maigari, wannan amana ce ake ba ka."

Kawu ya daɗe yana kallon ragon layyarsa. Sannan ya tashi, ya karɓi igiyar, ya juya wajen takwarorinsa ya ce da ƙarfi, "Kun dai ji. Baƙo ya karɓa, kuma ni ya ba ajiya." Mata suka rangaɗa guɗa. Kawu ya ce ranar ko kaza kada a yanka a garin. Masu gari huɗu da suka zo da shirin cin hanta suka ci dambun zogale da wake, Sunil ya yi ƙari har sau biyu, Sarkin Fawa kuwa bai sake yi mini magana ba sai bayan damina.

Sunil ya gama aikinsa ya koma ƙasarsu, rago ya zauna. Shekara takwas ragon ya ƙara a duniya, kuma ban taɓa ganin dabbar da ta san an ɗaure mata gindi kamarsa ba. Ya shiga rumfar mai ƙosai, ya ci gero a shanya, ya kwanta a bakin fanfo sai mata sun kewaye shi. In an kai ƙara sai Kawu ya ce a yi haƙuri, ragon Injiniya ne. Ni kuwa ya tsane ni musamman, duk zuwana sai ya bi ni da karo, Inna Hajara ta ce ai ya san wanda ya so ya kai shi tukunya. Nakan ɗauki hotonsa a waya in aika wa mai shi. Akwai shekarar da damina ta yi gardama, babbar salla ta zo Kawu ba shi da abin layya. 'Ya'yansa suka yi ta zagaye-zagayen magana, suna cewa Siri Lanka da nisa, wa zai sani. Ya ce shi zai sani. Shekarar bai yi layya ba.

Daga ƙarshe haƙoran ragon suka zube, sai dusa ake jiƙa masa. Wata safiya ya kwanta ya kasa tashi. Kun san yadda muke, dabba in ta fara shure-shure kowa gudu yake a kawo wuƙa kafin ta zama mushe, nama ya tafi a banza. Aka ruga aka kira Sarkin Fawa, ya zo da saurinsa, shekara takwas yana jiran wannan rana. Ya tarar Kawu ya shimfiɗa buzunsa a gefen ragon ya zauna, da ƙwaryar ruwa a kusa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, lokaci na wucewa." Kawu ya ce, "Mayar da wuƙarka. Ba nawa ba ne." Wajen azahar ragon ya cika, aka haƙa rami a bayan gari aka rufe shi.

Da la'asar Kawu ya sa aka kira ni a waya. Ya ce, "Ka gaya wa mutuminka ajiyarsa ta ƙare. Tsufa ne. Wuƙa ba ta taɓa shi ba."

Na kira Sunil na faɗa masa. Ya ce tun yana yaro yake jin wa'azin alkawarin farko a bakin manyan malamansu, amma wanda ya ga ya riƙe shi shekara takwas, har da hana kansa layya, wani dattijo ne Musulmi da bai ma yarda da shi ba. Da na je gari na kai wa Kawu wannan magana, ina tsammanin zai ji daɗi. Ya kalle ni kamar na faɗi shirme, ya ce, "Ni ban san dokarsu ba, Lawali. Amana aka ba ni."

To ga abin da na ɗauka daga wannan rana. Shekara biyu ina zaune mota ɗaya da mutum, na san yawan sukarin da yake sa wa shayi, ban taɓa tambayarsa abin da ya ɗauka da girma ba. Na ga tsinken tsire na yanke hukunci. Kuma da abu ya ɓaci, ƙaryata ba ta yi ko minti ɗaya ba, gyara bai zo ba sai da na bar mutanen biyu suka ji juna yadda suke. A takardar shirin miƙawa da kuke cikawa yanzu akwai layi na bakwai, wanda na ga wasunku suna tsallakewa, inda aka ce a tambayi baƙo da bakinsa abin da ba ya ci da abin da ba ya so a yi dominsa. Ni na sa aka ƙara shi, sati guda bayan mun dawo daga garin Kawu. Ku riƙa cika shi.